Zugin Ƙafa Da Injin Wuta: Kada Mu Saki Reshe Mu Kama Ganye

 

Yau ina so mu tattauna a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau maganar injin wutar nan da ake ɗora wa mutane a ƙafa, ana cewa yana maganin ciwon jijiya. Duk wadda take zaune a nan Doka, ko Unguwar Shanu, ko Kawo, ko Unguwar Rimi, ko Badarawa, na tabbata ta ji labarinsa a gidan biki ko gidan suna. Wata ma ta gan shi da idonta a wani shago, mata sun yi layi a kan benci, kowace ta tuɓe takalmi tana jiran a zo kanta. Wannan ta ce ta samu sauƙi, waccan ta ce kuɗinta kawai aka ci. To, ina gaskiyar take?

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, mai sana'ar waina ce, shekarunta sun haura hamsin. Wajen shekara bakwai ke nan da likita ya gaya mata tana da ciwon suga, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi. Ana nan sai ta fara kukan tafin ƙafa. Da rana tana tsaye gaban tanda ba ta cika ji ba, amma da zarar ta kwanta sai zugi ya taso, kamar an shafa mata barkono, wani lokaci kamar ana soka mata allura, wani lokaci kuma kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Ko zane ne ya taɓa yatsunta sai ta zabura. Maƙwabta suka ce sanyi ne. Waɗansu suka ce ai ta taka wani abu ne da aka binne. Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, an yi hayaƙi, zugi yana nan.

Sai wata ƙawarta ta kai ta wani shago inda ake ɗora ƙafa a kan inji. Kwanakin farko kyauta ne. Ta dawo tana murna, ta ce daren nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Kuma ban ƙaryata ta ba, gaskiya ta faɗa. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Da mako ya zagayo sai mai shago ya ce gara ta sayi nata injin, ya ce wutar tana narkar da suga, tana wanke jijiya, wanda ya dage da ita ba shi da sauran bukatar ƙwayar asibiti. Goggo ta kwashi adashinta gaba ɗaya ta ba shi, ta ajiye ƙwayoyinta a ƙasan akwati, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan 'yan watanni zugin ya ragu ƙwarai, har tana cewa ta warke. Ashe ba warkewa ba ce, jijiyar ce take ƙarasa mutuwa. Da hunturu ya shigo ta jawo kaskon garwashi kusa da ƙafa don jin ɗumi, barci ya ɗauke ta. Da safe jikarta ce ta ga babbar yatsa ta sale, ita kuwa mai ƙafar ko a jikinta. Aka shafa man shanu, aka ɗaure da tsumma. Kafin a kai ta asibiti gyambo ya ci ƙashi. Yatsu biyu aka cire mata, likita ya ce mu gode wa Allah da abin bai kai gwiwa ba.

Wani abin mamaki kuma, 'yan'uwa, bayan rauni ya warke, suga ya sauko, sauran zugin da yake damunta a sangali, a sashen gashi na asibiti aka taimaka mata da shi, kuma da wani ɗan ƙaramin injin wuta mai batir aka yi. Kun ga ashe wutar ba ta da laifi. Laifin yana ga hannun da ya riƙe ta, da bakin da ya yi mata ƙarya.

MENE NE CIWON?

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, amma abu biyu ne. Akwai jijiyar jini, wadda ake soka wa allura idan za a ƙara wa mutum ruwa. Akwai kuma jijiyar saƙo, farare sirara kamar zare, waɗanda suka fito daga lakar gadon baya suka bazu ko'ina a jiki. Su ne suke kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa kin taka ƙaya, ko ruwan nan ya yi zafi, su ne kuma suke kawo umarni ga tsoka ta motsa. Idan suka lalace sai su riƙa kai labarin ƙarya, watau ki ji ƙuna alhali babu wuta, daga baya kuma su daina kai labari sam, watau wuta ta ƙone ki ba ki ji ba.

Abin yakan fara daga yatsun ƙafa ne domin jijiyoyin da suka je can su ne mafi tsawo, daga ƙugu zuwa yatsa kusan mita guda. Sa'an nan ya riƙa hawowa a ƙafa biyun kamar mai sa safa, idan ya yi nisa ya kama yatsun hannu.

Babban abin da yake kawo shi a zamanin nan shi ne ciwon suga. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 24 ne suke da shi a Afirka, miliyan 3.6 daga cikinsu a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu shi a nahiyarmu ba su ma san suna da shi ba. Likitoci sun ce kusan rabin masu ciwon suga, idan aka daɗe, sai ya taɓa musu jijiya. Sugan da ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru yana lalata jijiyar kanta, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da ita.

Amma ba suga kaɗai ba ne. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo shi, wanda ake samu a nama da hanta da kifi da ƙwai da madara, kuma wadda ta daɗe tana shan ƙwayar suga da ake kira metfomin takan iya rasa wannan bitamin, shi ya sa ake auna shi. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin tarin fuka, aisoniyazid, tana kawo shi, shi ya sa ake haɗa ta da bitamin B6. Kuturta tana kawo shi, ita kuwa yau maganinta kyauta ne, ana sha wata 6 ko 12 a warke, ga babbar cibiyarta nan kusa da mu a Saye ta Zariya. Ciwon ƙoda, da giya, da waɗansu magungunan ciwon daji, duk suna kawo shi. Har rogon da ba a jiƙa an sarrafa shi sosai ba, domin a shekarun 1960 wani shahararren likitan jijiya na Ibadan, Farfesa Benjamin Osuntokun, ya nuna alaƙar wani ciwon jijiya da yawan cin irin wannan rogo a ƙasar Yarbawa. Ga kuma allurar da ɗan kemis yake yi wa yaro a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba, ta sami babbar jijiya, yaro ya tashi yana jan ƙafa.

Kun ga dalilai sun fi a ƙirga, kowane kuma da nasa maganin. To, yaya za a yi inji guda ya warkar da su duka? Mai kuturta ƙwayar kuturta yake bukata, mai ƙarancin bitamin allurar bitamin yake bukata, mai suga kuwa sai an sauko da sugan.

YADDA INJIN YAKE AIKI

Kada a ce na yi wa injin nan rashin adalci, bari in faɗi abin da yake da shi na gaskiya. Yin magani da wuta ba yau aka fara ba. Duk wadda ta tashi kusa da kogin Kaduna, ko take sayen kifi wurin masunta, ta san minjirya, kifin nan da idan ka taɓa shi yake fizgar ka. Wutar lantarki ce Allah ya halitta masa a jiki, babba daga ciki tana iya fitar da wuta har bolt 350. Mutanen Masar na dā sun san ta, har sun zana ta a bangon kaburburansu. A ƙasar Rum kuma, wajen shekara ta 47 bayan haihuwar Annabi Isa, wani likita mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa mai ciwon gaɓɓan ƙafa ya ɗora ƙafarsa a kan wani kifin teku mai irin wannan wuta har sai ta yi sanyi ta daina zugi.

Dalilin abin bai fito fili ba sai a shekarar 1965, lokacin da waɗansu masana biyu, Ronald Melzack mutumin Kanada da Patrick Wall mutumin Ingila, suka kawo bayanin da har gobe ake koyarwa. Suka ce saƙon taɓawa da saƙon ciwo duk sai sun bi ta laka kafin su isa ƙwaƙwalwa, kamar yadda mai shiga gida sai ya bi ta zaure. Idan saƙon taɓawa ya cika zauren, sai saƙon ciwo ya rasa hanyar wucewa. Ke uwa kin san wannan tun kafin Turawa su rubuta shi. Idan yaronki ya buge goshi, me kike yi? Kina murza masa wurin ne, sai kuka ya lafa.

To, aikin injin ke nan. Turawa suna kiransa TENS. Na asibiti ɗan ƙarami ne, bai wuce wayar hannu ba, da batir yake aiki, yana da 'yan faifai masu danƙo da ake mannawa a fata. Yana aika wuta 'yar kaɗan, ki ji kamar tsikari, na kamar minti 20 ko 30. Murza ce dai irin ta uwa, sai dai inji ne yake yi. Ba ya narkar da suga. Ba ya wanke jini. Ba ya ta da jijiyar da ta mutu. Idan aka kashe shi, bayan ɗan lokaci zauren ya sake buɗewa, ciwo ya dawo.

Ko rage zugin ma, masana ba su gama yarda da ƙarfinsa ba. A 2010 ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta duba binciken da aka yi, ta ce da alama yana rage zugin ƙafa ga masu ciwon suga, ana iya gwada shi, amma ta ce ba ta ba da shawarar a yi shi don daɗaɗɗen ciwon baya ba. A 2017 kuma masanan ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tace binciken likitanci, suka tara bincike 15 da aka yi a kan mutum 724 masu zugin jijiya, suka ce binciken ba su da ingancin da za a tsaya a kai a bugi ƙirji cewa injin yana aiki ko ba ya yi. Watau wata zai yi mata amfani, wata ba zai yi mata ba, sai an gwada.

Akwai wani iri kuma da ake dasa wa mutum a jiki ta hanyar tiyata, a sa siririyar waya kusa da laka. An fara irin wannan aiki a Amurka tun 1967, kuma a 2021 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da wani sabon samfurinsa don masu zugin ƙafa na suga. A gwajin da aka yi da mutum 216, kusan 8 cikin 10 na waɗanda aka dasa wa sun sami ragin rabin zuginsu ko fiye, alhali cikin waɗanda aka bari da magani kawai 1 cikin 20 ne suka samu. Wannan babban ci gaba ne. Amma tiyata ce mai tsadar gaske, ga waɗanda duk magani ya gagara ake yi, kuma shi ma zugi yake ragewa, ba ya cire ciwon suga. Na kawo shi ne don idan mai shago ya ce muku ai a Amurka ma an yarda da maganin wuta, ku san ba injin da yake kan bencinsa ake nufi ba.

RA'AYINA

Ra'ayina a nan shi ne, injin wuta ɗan rakiya ne, ba shi ne mai tafiyar ba. Wadda likita ya auna ta, aka san abin da yake cin jijiyarta, aka kama maganinsa, sa'an nan aka ce ta gwada injin don ta sami barci, wannan ba ni da ja. Wataƙila ma ya rage mata shan ƙwayoyin kashe zafi barkatai, irin su taramol da suka zame mana annoba a gidaje. Amma wadda ta fara da inji kafin ta auna jini, ko ta ajiye ƙwayarta saboda inji, wallahi ta saki reshe ta kama ganye.

Kuma ku lura da wannan, shi ne abin da ya ci goggona. Zugi ƙara ce jiki yake kawowa. Idan zugi ya tafi saboda suga ya sauko, alhamdu lillahi. Idan kuwa ya tafi suga yana sama, ƙafa kuma ta yi dundum kamar ba taki ba, to haɗari ya ƙaru ne, domin maigadi ne ya yi barci. Ƙafar da ba ta ji, ƙusa za ta shige ta ba ki sani ba, takalmi ya ci ta ba ki sani ba, raunin mai suga kuwa ba ya saurin warkewa.

Na san abin da wata za ta ce. Za ta ce, ke kina da bakin magana, kin san layin asibiti kuwa? Kin san kuɗin kati da na awo da na magani? Mai shago zai tarbe ka da fara'a, ya ba ka kujera, ya saurari kukanka, a asibiti kuwa wani lokaci sai ka wuni ba ka ga likita ba. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, kuma ina roƙon ma'aikatan lafiyarmu su ji ta. Tsohuwar da aka daka wa tsawa sau ɗaya ba ta komawa, wurin mai daɗin baki za ta tafi. Amma duk da haka, 'yar'uwa, ki auna da kanki. Wuni guda a layi da rasa ƙafa, wanne ya fi? Kuɗin awon suga da kuɗin tiyata da jinyar wata uku, wanne ya fi yawa? Araha ba ta ado, balle ma wannan ba araha ba ce.

Mu a nan Kaduna ba mu da uzuri irin na 'yan'uwanmu na ƙauye. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a kan titin Lafiya, wanda iyayenmu suka sani da Nasin Hom, mai ɗauke da sunan likita na farko ɗan Arewa. Ga Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada. Ga babban Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Awon suga kuwa ko a ƙaramin asibitin unguwa ana yi, ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Idan aka auna da safe kafin ki karya aka sami 7.0 ko sama, ko 126 a ɗaya ma'aunin, aka sake aka sami haka, to suga ne. Awon jijiyar ƙafa ma ba wuya gare shi ba, wani ɗan zare ne mai tauri likita yake dangwala miki a tafin ƙafa idonki a rufe, ki faɗi inda kika ji. Duk mai suga ya kamata a yi mata wannan sau ɗaya a shekara. In ba a yi miki ba ki tambaya, ba rashin kunya ba ne.

Idan za a sa miki injin, to ya zama a hannun likitan gashi wanda ya yi karatun abin. Tun 1988 akwai dokar da ta kafa hukumar yi wa masu wannan aiki rajista a ƙasar nan, hukumar NAFDAC kuma da aka kafa a 1993 ita ce mai alhakin duba magunguna da kayan aikin lafiya. Saboda haka hakkinki ne ki tambayi mai shago ina takardarsa, ina lambar rajistar injinsa. Ina kuma kira ga hukumomin nan da ma'aikatar lafiya ta jiha su riƙa leƙa irin waɗannan shaguna. Mutumin da zai ce wa mai suga ta bar ƙwayarta ba ɗan kasuwa ba ne, mai kisa ne a hankali.

Akwai waɗanda injin bai dace da su ba sam sai da izinin likita. Mai juna biyu kada ta kuskura ta sa shi a ciki ko a ƙugu. Mai farfaɗiya, da wanda aka dasa wa batirin zuciya, su nisance shi. Ba a manna shi a gaban wuya, ko a kai, ko kusa da ido, ko a kan rauni. Ba a sa shi cikin ruwa ko a jiƙaƙƙen jiki. Sa'an nan ba a manna shi a fatar da ta riga ta daina ji, domin ba za ki san wutar ta yi yawa ba, shi ya sa likitan gashi yake fara gwada fatar ya nemi inda take da sauran ji. Wane mai shago ne ya taɓa yi muku waɗannan tambayoyi?

ABIN DA ZA MU YI A GIDA

Rigakafi ya fi magani. Allah ya hore mana alwala sau biyar a rana, watau sau biyar muna riƙe da ƙafarmu a hannu. Uwargida mai suga, idan kin zo wanke ƙafa ki dube ta da kyau, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In ba ki iya sunkuyawa ki sa madubi. Ki goge tsakanin yatsun su bushe. Ki shafa mai a dunduniya saboda faso, musamman da hunturu, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ki yanke kaushi da reza. Kada ki yarda a yi miki tsaga ko sakiya ko ƙaho a ƙafa. Kada ki yi yawo ba takalmi ko da a tsakar gida ne, ballantana kan siminti da rana tsaka. Kafin ki sa rufaffen takalmi ki zazzage shi, ki sa hannu ki laluba. Ruwan wanka ki gwada shi da gwiwar hannu, ba da ƙafa ba, masu wankan jego su kiyaye wannan ƙwarai. Kaskon wuta kuwa ya yi nesa da ƙafa. Lalle adonmu ne, ba na hana ki, amma kada ki ƙunsa shi a kan rauni, kuma ki sani baƙinsa yakan ɓoye canjin launin yatsa. Duk raunin da kika gani, komai ƙanƙantarsa, asibiti za ki nufa a ranar ko washegari.

Ki rage lemon kwalba da shayi mai cokali uku na suga, ki rage girman malmalar tuwo, ki ƙara zogale da rama da alayyaho da wake. Ki riƙa taka ƙasa kamar rabin awa a rana. Wadda ta taɓa haihuwar jaririn da ya wuce kilo 4, ko aka ce mata suganta ya hau lokacin goyon ciki, ko iyayenta suna da shi, ta riƙa awo ko da ba ta jin komai. Zugin jijiya ba ya cika jin farasitamol, yana da nasa ƙwayoyin na musamman, amma likita ne yake rubuta su, ba maƙwabciya ba.

Maigida kuma, na san kana leƙa wannan fili idan uwargida ta ajiye jarida. Idan ta ce maka ƙafarta tana zugi da dare, kada ka ce raki ne. Ka ba ta izini da kuɗin mota, in da hali ka raka ta. Ƙafar nan ita take tsaye a madafa tana dafa maka.

Ku kuma 'yan matana na makaranta, da ku zan rufe. Ku tuna jikar goggo ce ta ga ƙunar nan, yarinya 'yar aji biyu a sakandare. Idanunku sun fi na kakanninku gani, ku kuka iya karanta takardar magani. Duk daren Juma'a ki ɗauki tocila ki duba ƙafar Inna ko Kaka, ki tambaye ta ko ta sha ƙwayarta, ki leƙa kwalin ki ƙirga. In kin ji ana zuga ta ta bar magani, ki gaya wa babba cikin ladabi. Sa'an nan ku dage da darasin kimiyya. Tun 1966 Jami'ar Ibadan take ba da digiri a aikin gashi, a nan Arewa ma Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da shi. Iyayenmu mata da yawa suna jin nauyin buɗe ƙafa da ƙugu gaban namiji, shi ya sa suke haƙura da ciwo a ɗaki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, muna bukatarku a ɗakunan gashin nan sanye da fararen kaya.

Goggo tana nan da ranta, ta koma gaban tandarta, sai dai yanzu a zaune take suya, da takalmi mai laushi a ƙafa. Injin da ya cinye adashinta yana saman kwaba ƙura ta rufe shi. Da na ce mata zan rubuta labarinta sai ta ce in rubuta, in dai zai sa wata ta tsira da yatsunta.

Wadda take da tambaya ko wani abin da ta gani a unguwarsu game da wannan, ta rubuto mana, filin naku ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ƙara mana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.